Haƙuri da Haƙori: Yadda Damuwa Ke Cin Baki a Ɓoye

Sau da yawa ba mai abin ne ke fara sani ba, wanda ke kwana kusa da shi ne. Tsakar dare, gari ya yi tsit, sai uwargida ta farka da wani ƙara kamar ana gurza tsakuwa a kan dutsen niƙa. Ta kasa kunne ko ɓera ne ya samu buhun masara, ashe daga bakin maigida yake fitowa. Da safe ta ce, "Malam, jiya fa kwana ka yi kana cin haƙora." Shi kuwa ya ce ina, barcinsa ya yi sumul, sai dai gefen kansa na ɗan sarawa, muƙamuƙinsa kuma ya yi tsami kamar wanda ya wuni yana fama da ganda. A bar maganar a nan. Bayan wasu watanni yana tauna gyaɗa sai turmi ya tsage. Gyaɗa ta ɗauki laifi.

A wajenmu idan haƙori ya yi ciwo, masu laifin sanannu ne: tsutsa, zaƙi, sanyi. Ba kasafai ake kawo bashi, ko kuɗin haya, ko rigimar gida, ko zullumin jarrabawa cikin lissafi ba. Amma harshenmu ya riga mu gano alaƙar. Wanda wahala ta taso wa ana ce masa ya cije. Wanda ya tsorata ana cewa yawun bakinsa ya ƙafe. Waɗannan ba adon magana ba ne kawai, bayanin abin da ke faruwa ne a jiki. Tsakanin haƙuri da haƙori wasali ɗaya ne, kuma mai yawan haɗiye na farko ba tare da ya samu inda zai sauke ba, sau da yawa na biyun ne ke biyan kuɗin.

Sai dai a fahimci abu ɗaya tun daga farko, don kada a maye tsutsa da wani camfin. Damuwa ba ta huda haƙori da kanta. Ramin haƙori aikin ƙwayoyin bakteriya ne da ke cin sukari su fitar da ruwa mai tsami, ciwon dasashi kuma daga dattin da ke manne a gindin haƙori yake tasowa. Abin da damuwa ke yi shi ne ta kwance masu gadi, ta bar ƙofa a buɗe.

A shekarar 1936 wani likita mai bincike a Kanada, Hans Selye, ya bayyana cewa jiki yana da amsa iri ɗaya da yake bayarwa ga kowace irin takura, ko sanyi ce, ko rauni, ko guba. Daga baya aka gane cewa takurar da ke cikin zuciya ma wannan hanyar take bi. Ƙwaƙwalwa na aika saƙo zuwa wasu ƙananan sassan jiki biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su zuba sinadaran adirenalin da kotizol cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, tsokoki su ɗaure, sukari ya ƙaru a jini, a dakatar da duk aikin da ba na gaggawa ba, kamar narkar da abinci da gyaran jiki. Ga wanda kura ta biyo, wannan rahama ce. Matsalar ita ce jiki bai san bambancin kura da mai bin bashi ba. Kura kuwa ko ta ci ka ko ka tsira, cikin minti goma an gama. Mai bin bashi yana nan gobe, yana nan jibi, lambarsa na cikin wayarka.

Mu fara da tsoka, domin a nan ɓarnar ta fi fitowa fili. Ka ɗora yatsunka a kumatunka kusa da kunne ka cije, za ka ji wata tsoka ta kumburo. Tana cikin mafi ƙarfin tsokokin jiki, ƙarfin cizon baligi a turame kan kai nauyin kilo 50 zuwa 70. An yi haƙori don ya ɗauki wannan nauyi, amma na ɗan lokaci. Idan aka tattara duk lokacin da haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa a wuni, wajen tauna da haɗiya, bai cika wuce minti 20 ba. Sauran lokacin akwai 'yar tazara tsakaninsu ko da leɓɓa na rufe. Mutane da yawa ba su san wannan ba, suna zaton zaman baki daidai shi ne haƙori kan haƙori.

Mai damuwa yakan rufe wannan tazara. Direba a cunkoson Kano da rana tsaka, tela ana jibi Sallah da ɗinkin mutane jibge a gabansa, ɗalibi a kan takardun JAMB, uwa da ke lissafin abin da za a ɗora da dare: ka lura da muƙamuƙinsu, a ɗaure yake. Wannan shi ne cizon farke, kuma shi ne ya fi alaƙa ta kai tsaye da halin da zuciya ke ciki. Na barci, wanda ke da ƙara, ya ɗan bambanta. Kusan baligi 1 cikin 10 na yin sa, kuma yana zuwa ne a daidai lokacin da barci ya ɗan yanke na daƙiƙu kaɗan ba tare da mai shi ya farka ba. Duk abin da ke hana barci nauyi yana ƙara shi: tunani, taba, goro ko shayi mai kauri da daddare, da irin minsharin da numfashi ke ɗaukewa a cikinsa. Cikin barci kuma babu mai tsawatar wa tsoka ta sassauta.

Farin ɓawon da ke rufe haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi, amma yana da aibi guda: idan ya tafi ba ya tsirowa. Kaurinsa a inda ya fi kauri bai wuce milimita biyu da rabi ba. Dutse biyu masu tauri ɗaya idan suna gogar juna, dukansu ke cinyewa. Sannu a hankali fiƙa ta rasa tsininta, haƙoran gaba su daidaita kamar an bi su da zarto, launin rawaya na ɓangaren da ke ƙarƙashi ya fara leƙowa. Wannan ɓangaren na ciki cike yake da ƙananan hanyoyi da ke kaiwa ga jijiya, shi ya sa ruwan randa ko iskar hunturu ke sa mutum ya zabura. Wani kuma ba cinyewa zai yi ba, tsagewa zai yi, tsaga siririya da ido ba ya gani, sai dai duk lokacin da aka tauna abu a saki, a ji kamar an soka allura.

Lokacin annobar korona an ga wannan ƙarara a Amurka. A farkon 2021 ƙungiyar likitocin haƙori ta ƙasar ta tambayi mambobinta, sama da kashi 70 cikin 100 suka ce masu zuwa musu da matsalar cizo da gurzar haƙora sun ƙaru, sama da kashi 60 kuma suka ce sun ga ƙarin haƙoran da suka tsage ko suka ɓantare. Cutar ba ta taɓa haƙori ba. Kulle da fargaba da rashin aiki ne suka taɓa.

Akwai kuma gaɓar da ke haɗa muƙamuƙi da ƙoƙon kai, daidai gaban kunne. Idan ta gaji tana ƙara ƙas-ƙas wajen buɗe baki, wani lokaci hamma ma ta gagara. Saboda kusancinta da kunne, mutum sai ya tafi kemis ya sayo maganin ɗigawa, ya yi ta ɗurawa a kunnen da lafiyarsa ƙalau. Wani a cire masa turmi, ciwon na nan, a cire na kusa da shi, ciwon na nan. An bar jaki ana dukan taiki.

Sai yawu, wanda muka raina. Baki na samar da tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kullum, kuma ba ruwa ne kawai ba. Shi ke wanke ragowar abinci, shi ke kashe kaifin tsamin da bakteriya ke fitarwa, shi ke mayar wa ɓawon haƙori sinadaran da suka zube. Duk lokacin da aka sha zaƙi, cikin 'yan mintoci tsamin baki kan kai matakin da ɓawon ke fara narkewa, sai yawu ya ɗauki rabin awa zuwa awa ɗaya kafin ya daidaita al'amura. Tsoro da fargaba na rage yawun, su mayar da shi kauri da yauƙi. Duk wanda aka taɓa miƙa wa makirfo ba shiri a gaban taro ya san wannan. Idan bushewar ta zama ta kullum, rami ya samu fili, warin baki kuma ya biyo baya, domin bakteriyar da ke haddasa shi sun fi walwala a busasshen baki.

Abin takaici, wasu magungunan da ake ba mai damuwa su ma suna busar da baki, amitiriftilin na cikin sanannu. Wannan ba dalilin daina sha ba ne, ko kusa. Dalili ne na a gaya wa likitan da ya rubuta, a kuma ninka kula da baki. Haka ƙwarnafi, wanda ke tasar wa masu damuwa da yawa: ruwan ciki ya fi duk wani lemo tsami, idan yana tasowa cikin dare yakan cinye haƙora ta bayansu, inda madubi ba ya nunawa.

Inda ni na fi ganin abin mamaki shi ne dasashi. A jami'ar jihar Ohayo ta Amurka an yi wani gwaji da aka buga a 1998. Masu binciken suka samu ɗaliban likitancin haƙori su 11, suka yi wa kowannensu ɗan rauni mai faɗin milimita uku da rabi a ganɗa, wato rufin baki ta ciki, sau biyu: sau ɗaya lokacin dogon hutu, sau ɗaya kuma kwana uku kafin babbar jarrabawa. Mutum ɗaya, baki ɗaya, rauni iri ɗaya. Na lokacin jarrabawa ya ɗauki ƙarin kusan kwana uku kafin ya warke, jinkirin kashi 40 cikin 100 ke nan, kuma babu ɗalibi ko ɗaya da rauninsa na jarrabawa ya warke da saurin na hutu. Jarrabawa ce fa kawai, ba mutuwar aure ko gudun hijira ba.

Dalilin shi ne kotizol idan ya daɗe a sama yana rikita garkuwar jiki. Gindin haƙori kuwa fagen daga ne da ba a tsagaita wuta a cikinsa, kullum bakteriya na neman kutsawa, kullum jiki na kora. Idan mai kora ya yi sanyi, dasashi ya kumbura, ya yi ja, asuwaki ko buroshi ya fito da jini. Mutane kan ce ai buroshin ne ya yi tauri, su daina taɓa wurin, dattin ya ƙara samun wurin zama. Idan aka bar shi, kumburin ya gangara ya fara cin ƙashin da ke riƙe da haƙori, ba ciwo ba komai, sai ranar da haƙori lafiyayye, marar rami ko ɗaya, ya fara girgiɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 kusan mutum biliyan ɗaya ke fama da wannan cuta a matakinta mai tsanani. Ga mai ciwon suga abin ninki ne, damuwa na ɗaga sukari, sukari na ɓata dasashi, kumburin dasashi kuma na ƙara wahalar da saukar sukarin.

Wani binciken da Robert Genco da abokan aikinsa na jami'ar Buffalo suka buga a 1999 ya fi shafar mu. Sun duba bakin mutum 1,426, 'yan shekara 25 zuwa 74, suka kuma tambaye su irin matsin da suke ciki: na aiki, na aure, na 'ya'ya, na kuɗi. Wanda ya fito fili da alaƙa da lalacewar dasashi da zaizayar ƙashi shi ne matsin kuɗi, ko bayan an cire tasirin taba da shekaru da ciwon suga daga lissafi. Amma ga inda zancen ya yi daɗi: waɗanda ke cikin matsin kuɗi amma suna tunkarar matsalar, suna neman mafita, bakinsu bai fi na marasa matsin lalacewa ba. Waɗanda suka zauna suna cin rai su ne abin ya fi ci. Duk wanda ya ga yadda farashin mudun shinkafa da kuɗin mota suka koma a Najeriya tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 ba ya buƙatar a fassara masa matsin kuɗi. Abin da binciken ya ƙara mana shi ne ba girman nauyin kaɗai ke magana ba, har da yadda aka ɗauke shi.

Mafi munin nau'in ciwon dasashi ma a fagen yaƙi ya yi suna. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, sojojin da ke kwana cikin ramuka a Faransa da Beljiyam sun yi ta kamuwa da wani ciwo da ke ruɓar da naman da ke tsakanin haƙora cikin 'yan kwanaki, da zafi mai tsanani da jini da wari, har aka laƙaba masa sunan ramukan. Tsoro, rashin barci, taba, rashin abinci mai kyau da rashin wanke baki ne suka haɗu. Har yau ana ganinsa jefi-jefi a matasa masu shan taba da ke cikin matsi. A ƙasarmu wannan ruɓewar dasashi tana da wata fuskar da ta fi tsoratarwa: a jikin ƙananan yara masu tamowa, musamman bayan ƙyanda, ita ce ke iya zama farkon cutar noma mai cin kumatu da leɓe, wadda aka gina asibiti musamman dominta a Sakkwato a 1999, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. Sunan daga harshen Girka yake, ba shi da haɗi da noman gona. Wannan kam yunwa ce tushenta, ba tunani ba, na kawo ta ne don a san yaron da dasashinsa ke jini da wari ba a jira da shi.

Ƙananan miki masu zafi da ke fitowa a cikin leɓe ko gefen harshe, da ƙurajen da muke cewa zazzaɓi ya feso a baki, su ma sun san lokacin WAEC da lokacin hidimar biki. Na farko kan warke da kansu cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wanda ya wuce mako uku bai warke ba, musamman ga mai shan taba, likita ya kamata ya gani.

Duk da wannan bayani na sinadarai, a ganina babbar hanyar da damuwa ke bi ta fi haka sauƙi: tana canza hali. Wanda ya dawo gida ƙarfe goma sha ɗaya a gajiye, ransa a jagule, ba ta buroshi yake ba. Mai tunani ba ya cin abinci a zaune, sai ɗan ciye-ciye: biskit yanzu, alewa anjima, lemon kwalba da la'asar, shayi da sukari cokali huɗu a teburin mai shayi da dare. Ga haƙori kuwa yawan lokutan sun fi yawan sukarin illa. Wanda ya shanye lemonsa tashi ɗaya ya jawo farmaki ɗaya, wanda ya yi ta kurɓa daga azahar zuwa magariba bai bar yawu ya huta ba. Mai karan sigari biyar ya koma goma, taba kuwa na ƙuntata hanyoyin jinin dasashi, har ta ɓoye jinin da zai zama gargaɗi. Su kuma matasan da suka nemi mafaka a kwalbar kodin, wadda gwamnatin Najeriya ta hana sarrafawa da shigowa da ita a 2018, sun haɗa biyu: ruwan sukari mai kauri, da maganin da ke busar da baki.

Daga nan sai abin ya zama zobe. Haƙori ya hana barci, rashin barci ya ƙara zafin rai, kuɗin asibiti ya zama sabon abin tunani. Sai a koma dabaru: a danna asfirin a jikin dasashi ya ƙone naman, a haɗiyi amoksisilin da Flagyl ba ƙa'ida, a yi ta shan diklofenak har ciki ya ɗauka. Kanumfari yana da gaskiyarsa, man da ke cikinsa na kashe zafi na ɗan lokaci, likitocin haƙori ma suna amfani da shi, amma ba ya cike rami. Ranar da aka isa asibiti, kumatu ya kumbura, ba abin da ya rage sai cirewa.

Ba zan ce wa kowa ya daina damuwa ba, wannan shawarar ta wanda cikinsa ke ƙoshe ce. Amma ana iya tsare baki kafin guguwar ta wuce. Idan sau ɗaya kawai za ka iya goge baki, to ya zama na dare, domin cikin barci yawu ke ja baya. A yi da man goge baki mai fulorayid, a tofar, kada a kurkure da ruwa, a bar maganin ya kwana a kan haƙora. Asuwaki na cire datti sosai idan an iya shi, a riƙe shi da rana, sai dai ba shi da fulorayid ɗin da man ke da shi. Wanda ƙwarnafi ya taso wa ko ya yi amai ya kurkure da ruwa ya jira kamar rabin awa kafin ya sa buroshi, don a lokacin ɓawon ya yi laushi. Goro da shayi mai kauri a bar su tun la'asar. Muƙamuƙin da ya yi tsami yana son tsumma mai ɗumi da hutu daga ƙashi, ƙanƙara da cingam.

Mai gurzar dare kuma akwai robar da likitan haƙori ke aunawa daidai bakinsa ya riƙa sawa in zai kwanta. Ba ta hana gurzar, amma ita ke cinyewa maimakon haƙori. Don cizon rana, dabarar ita ce kama kai: a ɗaura abin da wani aiki da ake maimaitawa, kamar bayan kowace sallah ko duk lokacin da waya ta yi ƙara, a duba, leɓɓa a haɗe, haƙora a rabe, harshe a kwance a ganɗa. Idan kuwa damuwar ta kai ga hana barci da abinci na makonni, ko mutum ya daina jin daɗin komai, to maganar ta wuce baki, ta zama ta likitan ƙwaƙwalwa, kuma zuwa wajensa ba hauka ba ne.

Mazanmu ba su cika faɗa wa likita abin da ke cin su ba. Za a tambayi maigida, "Alhaji, akwai abin da ke damunka?" ya ce, "Alhamdu lillahi, likita, haƙorin ne kawai." Amma likitan da ya san aikinsa yana gani: shatin haƙora a gefen harshe, farin layi a cikin kumatu daidai inda haƙora ke haɗuwa, fiƙar da ta daƙushe, tsokar muƙamuƙi da ta yi kauri kamar ta ɗan dambe. Abin da ba zai iya gani ba shi ne abin da ke faruwa ƙarfe biyun dare. Wannan sai uwargida, don haka ranar zuwa asibiti a tafi da ita.